Ganyen Darbejiya da Hasken Rana Wajen Tsabtace Ruwan Rini

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiyar tsofaffin ɗalibai, a Birnin Kudu



Kwamitin shirya taro ya ba ni minti 30 in yi magana a kan wani abu daga fannin da na karanta a jami'a, wato kemistiri, bisa sharaɗin kada in sa iyayenmu gyangyaɗi. To, zan yi iyakar ƙoƙarina. Abin da na zaɓa shi ne wani farin gari da dukanmu muka taɓa gani a ɗakin gwaje-gwaje, da yadda masana a yau suke haɗa shi da ruwan ganye, sa'annan su shanya shi a rana domin ya cinye dattin da ke cikin ruwa. A ƙarshe kuma ina da roƙo ga ƙungiya, saboda haka ina fatan ma'aji ba zai fita shan iska ba kafin in gama.

Wanda duk ya zauna jarrabawar WAEC a fannin kimiyya zai tuna da wata tambaya da ba ta ƙarewa: wane gari ne yake zama rawaya idan ya yi zafi, ya koma fari idan ya huce? Amsar ita ce zink oksayid, wato abin da ake samu idan ƙarfen tutiya ya haɗu da iskar oksijin. Tutiya ba baƙuwarmu ba ce, domin ita ake shafa wa kwanon rufi don kada ya yi tsatsa. Shi kuwa farin garin yana cikin ruwan kalamin da iyayenmu mata suke shafa wa yara idan ƙuraje sun fito musu, yana cikin man da Turawa suke shafawa don kada rana ta ƙona su, kuma wajen rabin abin da ake yi a duniya masana'antun roba ne suke shanyewa, musamman masu yin tayar mota. Ke nan duk motar da ta bi ta Birnin Kudu za ta Kano ko Bauci tana ɗauke da rabonta.

Yanzu bari in faɗi dalilin da ya sa ma'aikacin gwamnati irina, wanda aikinsa ya shafi muhalli, ya damu da wannan gari.

Rini tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Marinar Ƙofar Mata da ke Kano, ana cewa tun 1498 take. Kakanninmu da baba da toka suke rini, abubuwan da daga ƙasa suka fito, kuma idan an zubar ƙasa ce take cinye su. A 1856 wani yaro Bature ɗan shekara 18 mai suna William Perkin, wato sa'an 'yan ajin ƙarshe da ke zaune can baya, ya gano launin farko na haɗi a Ingila. Zuwa 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shuni na haɗi. Daga nan lamari ya juya. Mai rinin shadda na yau, ko a Kano yake ko a ƙaramar kasuwa irin tamu, launin gwangwani yake saye, ya haɗa da soda da haidiro, ya gama cikin sa'o'i kaɗan. Waɗannan launuka an yi su ne takanas don kada su koɗe, kada sabulu ya ci su, kada rana ta ci su. Abin da ya sa matanmu suke yabon su a jikin shadda, shi ne kuma ya sa suke daɗewa a cikin ruwa. Ruwan da aka zubar a lambatu yakan gangara kududdufi, kududdufin nan kuwa shi shanu suke sha, a gefensa ake lambu, a cikinsa yara suke iyo.

A Kano abin ya fi haka girma, domin masana'antun jima da na saƙa da ke Sharaɗa da Chalawa da Bomfai sun daɗe suna zama abin magana game da ruwan kogin Chalawa da na Jakara, wanda kuma da shi ake noman rani. Mu nan Birnin Kudu da Gwaram ba mu da irin waɗannan masana'antu. Namu shi ne ƙananan marina, da kuma maganin ciyawa da na ƙwari wanda yanzu kusan kowane manomi yake fesawa, ya kuma wanke tankin feshinsa a bakin rafi. Na zaga ƙauyuka da dama a wajen aiki, daga yankin Sara har zuwa Fagam, na kuma ga wannan da idona. Babbar na'urar tace ruwa irin ta birane ta fi ƙarfin mai rini guda. Amma rana, ai ba mu da ƙarancinta.

A 1972 wasu Japanawa biyu, Akira Fujishima da Kenichi Honda, suka buga sakamakon bincikensu da ya nuna cewa idan haske ya bugi wani farin sinadari mai suna taitaniyam dayoksayid, yana iya raba ruwa zuwa iskokin da suka haɗu suka yi shi. Daga baya aka lura cewa irin wannan ƙarfi yana iya farfasa datti, kuma zink oksayid ma yana yin aikin. Yadda abin yake faruwa shi ne, idan haske mai ƙarfi ya faɗa a kan ƙwayar garin, sai ya zaburar da ilektiron ɗaya ya tashi daga mazauninsa, ya bar gurbi. Ilektiron ɗin ya kama iskar oksijin da ke narke cikin ruwan, shi kuma gurbin ya fizgi abin cike kansa daga jikin ruwa. Daga nan sai a sami wasu 'yan ɓaraguzan sinadarai masu tsananin zafin nama, waɗanda duk abin da suka tarar sai sun yage shi. Su ne suke bin ƙwayar launi suna datsa ta gunduwa-gunduwa, in aikin ya kai ƙarshe ta koma ruwa da iskar da muke fitarwa in mun yi numfashi da ɗan gishiri-gishiri. Shi garin yana nan, kamar dillali ne a kasuwar shanu, ba shi ya saya ba, ba shi ya sayar ba, amma ba don shi ba da ciniki bai faɗa ba. Bambancinsa da dillalanmu na Sara, shi ba ya karɓar la'ada.

Wannan fanni ba na Japan da Amurka kaɗai ba ne. Farfesa Umar Ibrahim Gaya na sashen kemistiri a Jami'ar Bayero ta Kano ya rubuta wata doguwar maƙala a kansa a 2008 tare da wani masani na ƙasar Malesiya, wadda masu bincike a ƙasashe da yawa suke komawa gare ta, ya yi gwaji da zink oksayid wajen farfasa wasu sinadarai masu guba a ruwa, kuma a 2014 kamfanin Springer ya buga masa littafi guda a kan batun. Na ambaci wannan ne saboda ƙannenmu, don su san cewa daga nan zuwa inda ake irin wannan aiki tafiyar mota ce ta sa'a biyu ko ƙasa da haka.

To, me ya kawo maganar ƙanƙanta? Duk wannan aiki a bayan ƙwayar garin yake faruwa, inda ta taɓa ruwa, cikinta ba ya komai. Kowace mace ta san dakakkiyar kanwa ta fi dunƙulalliya saurin narkewa. Masana suna auna irin wannan ƙanƙanta da nanomita: a raba milimita ɗaya gida miliyan, kashi ɗaya shi ne nanomita. Kaurin gashin kan mutum yakan kai nanomita 80,000. Ga ɗan lissafi, ina kuma roƙon malaminmu na lissafi ya bi ni a hankali ya duba. Ɗauki dunƙule mai santimita 1 a kowane gefe, bai ma kai ƙwayar sukari ba. Faɗin bayansa duka santimita murabba'i 6 ne. Idan aka yayyanka shi zuwa 'yan dunƙulaye masu nanomita 10, nauyinsa bai ƙaru ba, amma faɗin bayan ya zama mita murabba'i 600, wato ya fi fuloti mai ƙafa 50 da 100. Abin da bai cika ƙaramin cokali ba ke nan.

A masana'anta, hanyar da aka fi bi wajen yin garin ita ce a tafasa ƙarfen tutiya, wanda ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 907, tururinsa ya ƙone a iska, a tara tokar. A ɗakin gwaji kuwa ana narka gishirin tutiya a zuba masa soda da wasu sinadarai masu tsada, wasunsu masu illa. A 1998 Paul Anastas da John Warner na Amurka suka fito da ƙa'idoji 12 na yin kemistiri ba tare da ɓata muhalli ba, kuma wannan tunani ne ya ƙarfafa wa masu bincike gwiwa su koma ga tsirrai. Ana wanke ganye, a shanya a inuwa, a daka, a dafa a ruwa mai tsabta kamar za a yi shayi, a tace. Sai a zuba gishirin tutiya a cikin ruwan ganyen, a yi ta motsawa a kan wuta har ya yi kauri, a busar, sa'annan a gasa a tanda mai zafin digiri 400 zuwa 500 har ganyen ya ƙone, farin gari ya rage. An yi wannan da darbejiya, an yi da zogale, an yi da zoɓo, da lalle, da ɓawon lemo. Ku duba jerin nan, babu wanda za mu aika Legas a sayo mana. Zoɓo ma jiharmu tana cikin manyan masu noma shi a ƙasar nan.

Aikin ruwan ganyen shi ne, sinadaran da ke cikinsa, irin waɗanda suke sa bagaruwa ta yi bauri har majema suke jima da ita, suna kama tutiyar su lulluɓe 'yan ƙwayoyin tun suna ƙanana, su hana su girma, su hana su mannewa da juna. A nan ne kuma maganar siffa ta shigo, wadda ita ce ta fi ba ni sha'awa a cikin lamarin duka.

Ƙwayar zink oksayid idan tana girma, gefe shida take yi, kamar fensir da ba a fiƙe ba. Gefunan nan shida duk iri ɗaya ne, tutiya da oksijin a gauraye. Amma kai da gindin fensirin sun sha bamban: ɗaya tutiya ce a fili, ɗayan kuma oksijin, saboda haka suna ɗauke da caji, kuma sun fi sauran jiki son kama abu. Idan aka bar ƙwayar ta girma yadda take so, ta wajen kai take miƙewa, ta zama 'yar sanda doguwa. Idan kuwa wani sinadari ya zo ya zauna a kan nan ya toshe shi, kamar yadda sinadarin tsamin lemo yake yi, sai ta rasa hanyar yin tsawo, ta bazu ta gefe, ta zama kamar faifai mai kusurwa shida. Wani lokaci sanduna ko faya-fayai da yawa sukan tsiro daga cibiya guda su yi kamar fure. Wani lokaci kuma 'yan mulmule ake samu kamar gero. Sinadari ɗaya ne, nauyi ɗaya, launi ɗaya a ido, amma aiki ya bambanta.

A 2009 wasu masana a Jami'ar Oxford ta Ingila suka gwada sanda da faifai wajen cinye wani shuɗin launi mai suna metilin bulu, wanda muka sani a ajin bayoloji, shi ake ɗiga wa abu kafin a duba shi a madubin ƙara girma. Suka tarar faifai ya ninka sanda aƙalla sau 5. Dalilin da suka bayar shi ne, faifai kusan duk jikinsa kai ne da gindi, wato fuskokin nan masu caji, ita kuwa sanda 'yan tsinin bakinta biyu kawai take da su. Amma fa akwai wasu masu binciken da suka ba sanda ko fure nasara, su ma da hujjarsu. Babbar asarar da ake yi a wannan aiki ita ce ilektiron da ya tashi ya sake faɗawa gurbinsa kafin ya taɓa komai, ƙarfin hasken ya tafi a banza. Masu goyon bayan sanda suna cewa tsawonta yana ba ilektiron hanyar gudu ya yi nisa da gurbin. Masu goyon bayan fure kuma suna cewa shi ba ya dunƙulewa, ruwa da haske suna ratsa tsakanin ganyayensa.

Ni a nawa ganin, binciken Oxford ya fi gamsarwa, saboda sun yi ƙoƙarin ware tasirin siffa daga na girma. Da yawa daga cikin takardun da na karanta, har da na gida, mai bincike zai canza ganye, ya ga siffa ta canza, ya ga aiki ya ƙaru, sai ya ce siffar ce. Alhali kuwa girman ƙwayar ma ya canza, faɗin bayanta ya canza, ragowar tokar ganyen da ta maƙale mata ta canza. Wanda ya sauya iri da taki da gona a damina ɗaya, in hatsi ya yi kyau ba shi da bakin cewa takin ne. Ga shi kuma ganye ba ya zama iri ɗaya: darbejiyar Gwaram da aka tsinka da damina da ta Birnin Kudu da aka tsinka da bazara ba lalle ne su ba da siffa ɗaya ba. Wannan shi ne babban raunin hanyar ganye, kuma shi ya sa masana'antu ba su rungume ta ba tukuna.

Akwai wasu abubuwa da ya wajaba in faɗa, domin na san halinmu, kada gobe a ji wani yana yawo da farin gari a leda yana cewa maganin rijiya ne. Kada kowa ya zuba wannan gari a ruwan sha. Ruwan sha a tafasa shi ko a sa masa kulorin kamar yadda ma'aikatan lafiya suke koyarwa. Ɓacewar launi ba ta nufin ruwa ya tsarkaka, domin ƙwayar launi tana iya karyewa biyu, shuɗin ya tafi, gutsattsarin da suka rage su kasance da guba. Garin ba ya kawar da ƙarfe: kuromiyam da ke cikin ruwan masana'antar jima yana iya sauya kama, amma yana nan. Mun ga abin da ƙarfe mai guba yake yi a Zamfara a 2010, inda dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Tutiya ba ta kai dalma sharri ba, jikin mutum ma yana bukatar kaɗan daga cikinta, shi ya sa ake ba yaro mai gudawa ƙwayar zink tare da ruwan gishiri da sukari, amma idan ta yi yawa a ruwa tana kashe kifi. Kuma ku tuna da wata amsar WAEC ɗin: zink oksayid yana narkewa a ruwa mai tsami, yana kuma narkewa a mai kaifin soda. Ruwan marina cike yake da soda, saboda haka sai an daidaita shi tukuna, in ba haka ba dillalin namu da kansa zai narke ya bi ruwa. Bayan an gama kuma sai an san yadda za a tsamo gari mai irin wannan laushi, shi ya sa wasu suke manna shi a jikin tayil ko gilashi ruwan ya riƙa bi ta kai.

Har ila yau, duk zafin ranarmu, garin ba ya amfani sai da hasken altarabayolet wanda ido ba ya gani, mai zango ƙasa da nanomita 380 ko kusa da haka, shi kuwa bai wuce kashi 5 cikin 100 na hasken rana ba. Kalmar nan ta "ba ya ɓata muhalli" ita ma a riƙe ta da hannu biyu, tun da gishirin tutiyar daga masana'anta yake fitowa, tandar tana cin wuta, wasu ma suna ɗan ƙara soda a kan ruwan ganyen.

To, Shugaba, ga roƙona. Kowace shekara mukan tara kuɗi mu yi fenti ko mu sayi kujeru, wannan kuwa abu ne mai kyau. Bana ina neman a ware wani kaso a ba ƙungiyar ɗalibai masu sha'awar kimiyya su yi wannan gwaji da hannunsu, ƙarƙashin kulawar malamin kemistiri. Abin da za a saya kaɗan ne: gishirin tutiya, metilin bulu, takardar tacewa, safar hannu da takunkumi, domin gari mai laushi haka ba a son a shaƙe shi. Ganye kuwa yana bakin ajinsu. 'Yan Gwaram su zo da nasu in sun dawo hutu, a gwada da na nan. Su jera faranti huɗu masu ruwan launi iri ɗaya: na farko launi kaɗai a rana, domin metilin bulu yakan ɗan koɗe da kansa, na biyu da garin amma a cikin duhu, domin a ga wanda ya manne wa garin kawai ba tare da ya farfashe ba, na uku da garin ganye a rana, na huɗu da garin kanti a rana. Kowane minti 20 su ɗauki hoto da waya a wuri guda, su rubuta. Idan garin kanti ya fi na ganye, su rubuta hakan, shi ma sakamako ne. Ragowar ruwan kuma a tara a jarka, kada a zubar a lambatu.

Abin da makaranta ba za ta iya ba shi ne gasawa a digiri 400 da kuma ganin siffar ƙwayoyin, domin madubin ajin bayoloji ba ya kai wa nan, sai madubin ilektiron irin na manyan ɗakunan bincike. A nan ne nake kallon 'yan'uwanmu da suke koyarwa a Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamiɗo ta Kafin Hausa, da Bayero, da Ahmadu Bello ta Zariya. Na hangi aƙalla uku a cikin ɗakin nan, ba zan kama suna ba, amma sun san na gan su. Abin da ake nema a wurinsu shi ne su karɓi 'yan ƙullin gari huɗu ko biyar su gasa, su nema mana layi a wajen masu na'ura, su dawo wa yaran da hoton abin da suka haɗa, su ga ko sanda ce, ko faifai, ko fure.

Na rubuta jerin kayan da adadin kowanne, na miƙa wa sakatare tun da safe, domin kwamiti ya tambayi farashi a Kano kafin zamansa na gaba. Ni kuma na ɗauki nauyin zuwa daga Dutse ran Asabar biyu a wata har zangon karatu ya ƙare, in hukumar makaranta ta amince.